Ku Tambayi Malamin Lantarki: Bolt, Amfiya da Lissafin da Ke Tsakaninsu

Wasiƙun da suka zo mini a wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi: idan mutum ya san bolt da amfiya, yaya zai gano tirjiya da ƙarfin aikin kayan lantarki? Na zaɓi shida, na kuma rage tsawon tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Malam, ni ɗalibar sakandare ce. An ba mu aikin gida cewa an haɗa ƙwan fitila da batir mai bolt 12, amfiya 2 na bi ta cikinsa, a nemo tirjiyarsa da ƙarfin aikinsa. Na haddace dokokin, amma kullum sai in manta inda ake rabawa da inda ake ninkawa.

Amsa: 'Yata, hadda ce ta ci amanarki, kuma haka take yi wa kowa a wannan fanni. Ajiye ta gefe tukuna. Ki ɗauki ruwan da ke bin bututu. Ƙarfin da ke tura ruwan shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa shi ne amfiya. Ƙuncin bututun, wanda ke hana ruwan gudu yadda ya so, shi ne tirjiya, kuma da om ake auna ta. In an ƙara turi, ruwa ya ƙaru. In bututu ya ƙara ƙunci, ruwa ya ragu. Dokar ke nan gaba ɗayanta, sauran duk rubutu ne: V = I × R, inda V ke tsaye a madadin bolt, I a madadin amfiya, R a madadin om.

Tirjiya tana amsa tambaya ɗaya ce: bolt nawa ake bukata kafin a tura amfiya ɗaya ta cikin wannan abu? A aikinki bolt 12 sun tura amfiya 2, ke nan kowace amfiya ta ci bolt 6. Shi ya sa ake rabawa: R = V ÷ I = 12 ÷ 2 = om 6. Duk ranar da kika rikice, ki yi wa kanki wannan tambayar, rabawar za ta zo da kanta.

Ƙarfin aiki kuma ninkawa ake yi, ga dalili. Bolt ɗaya na nufin kowane kulom na caji yana ɗauke da makamashi jul ɗaya. Amfiya ɗaya na nufin kulom ɗaya na wucewa a kowace daƙiƙa. To kulom 2 ke wucewa a daƙiƙa, kowanne ɗauke da jul 12, jimla jul 24 a daƙiƙa. Jul ɗaya a daƙiƙa shi ne wat ɗaya. Saboda haka P = V × I = wat 24, inda P ke tsaye a madadin wat.

Sauran dokoki biyun da ake cika wa ɗalibai littafi da su, daga waɗannan aka haife su. Ki cire V ki sa I × R a gurbinta, sai ki sami P = I × I × R, wato 2 × 2 × 6 = 24. Ki cire I ki sa V ÷ R, sai ki sami P = V × V ÷ R, wato 144 ÷ 6 = 24. Ina ba ɗalibaina shawara su riƙa bin hanya biyu a jarrabawa. In amsoshin ba su zo ɗaya ba, akwai inda aka zame.

Inda aka fi zamewa shi ne miliamfiya. Miliamfiya 1,000 ne amfiya ɗaya, kuma dokokin nan amfiya kawai suka sani. In aka ce batir mai bolt 9 na tura miliamfiya 30, sai ki fara mayar da ita 0.03. Tirjiya om 300 ke nan, ƙarfin aiki wat 0.27. Wanda ya yi gaggawa zai rubuta om 0.3 da wat 270, ya miƙa takarda bai ko tsaya ya yi mamakin yadda ɗan batir ɗin rediyo zai ba da wat 270 ba.

Mai wannan doka, Georg Ohm, malamin makaranta ne a birnin Kolon na Jamus lokacin da yake gwaje-gwajensa, ya wallafa sakamakon a 1827. Masanan ƙasarsa ba su karɓe shi hannu bibbiyu ba da farko. Sai a 1841 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta karrama shi da lambar Copley. Sauran ma'aunan ma sunayen mutane ne: Alessandro Volta na Italiya wanda ya haɗa batir na farko a 1800, André-Marie Ampère na Faransa, da James Watt, Basikotile mai injin tururi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mai ɗinki ce. Dutsen gugana an rubuta masa wat 1,000 da bolt 230. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, mitar bango kan nuna 180, sai dutsen ya yi ta jan lokaci kafin ya yi zafi, kamar rabin ƙarfinsa ya tafi. Ai ragin 50 cikin 230 bai kai haka ba. Ko dutsen ne ya lalace?

Amsa: Hajiya, dutsenki lafiyarsa lau, kuma hannunki bai yi miki ƙarya ba. Wannan tambaya ita ta fi burge ni a cikin duk wasiƙun, domin ta taɓo abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba. Wat 1,000 da ke jikin dutsen alkawari ne mai sharaɗi: zai ba da 1,000 muddin an ba shi bolt 230. Abin da dutsen ya mallaka a karan kansa, wanda yake tare da shi ko an kunna ko an kashe, shi ne tirjiyar wayar da ke naɗe a cikinsa.

Mu nemo ta. Daga P = V × V ÷ R, tirjiya ita ce V × V ÷ P, wato 230 × 230 ÷ 1,000 = om 52.9. A cikakkiyar wuta dutsen na jan 230 ÷ 52.9, kusan amfiya 4.35. Da wuta ta sauka zuwa 180, tirjiyar na nan yadda take, sai amfiya ta koma 180 ÷ 52.9, wato 3.4. Yanzu a ninka: 180 × 3.4 = wat 612.

Kin ga abin da ya faru? Bolt ta ragu da kusan kashi 22 cikin 100, amma zafi ya ragu da kusan kashi 39. Dalili shi ne ragin sau biyu yake duka: bolt ta ragu, sannan raguwarta ta ja amfiya ita ma ta ragu, mu kuma su biyun muke ninkawa. Dutsen zai kai zafin da kika saita masa in kin yi haƙuri, tunda akwai ɗan makunnin da ke katse wuta idan zafi ya kai, amma da zarar kin ɗora shi a kan yadi mai damshi zai huce, ya daɗe bai farfaɗo ba.

Wannan lissafi yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, kuma can ya fi muni. A Amurka da Kanada wutar gida bolt 120 ce. Dutsen guga mai wat 1,000 da aka ƙera don can, tirjiyarsa 120 × 120 ÷ 1,000 ce, om 14.4 kacal. In wani ya kawo miki irinsa tsaraba kika jona shi a 230, zai ja kusan amfiya 16, ya yi ƙoƙarin fitar da wat 3,670, kusan ninki huɗu na abin da aka yi shi dominsa. Ko fiyus ya tsinke, ko wayar cikin ta ƙone. Don haka kafin a jona baƙon kaya a karanta jikinsa. Cajar waya da ta kwamfuta yawancinsu an rubuta musu 100 zuwa 240, su ba ruwansu.

Sai gargaɗi ɗaya. Duk abin da na faɗa ya shafi kayan da aikinsu ɗumama ne: dutsen guga, hita, butar dafa ruwa, murhun lantarki. Mai mota, wato injin da wuta ke juyawa, a ciki, irin su firiji da famfon jan ruwa, halinsa daban. Nauyin da motar ke juyawa ba ya raguwa don wuta ta yi ƙasa, sai ta ƙara jan amfiya don ta cike giɓin, wayoyinta su yi zafi. Raunin wuta ba ya cutar da dutsen guga, amma yana iya kashe firiji. In mitarki ta nuna 180, firijin za ki fara cirewa.

Tambaya: Malam, ni yaron shago ne ina koyon gyaran lantarki. Na ɗauki tsohon ƙwai mai zare a ciki, na wat 60, na lissafa tirjiyarsa na sami om 882. Da na sa mita sai ta nuna om 65. Maigidana ya ce mitar ce ta samu matsala. Wa ke da gaskiya, mita ko lissafi?

Amsa: Ɗana, dukansu biyun, kuma ka gaida maigidanka ka ce masa kada ya jefar da mitar. Lissafinka daidai ne: 230 × 230 ÷ 60 na ba da kusan 882. Amma wannan tirjiyar ƙwan ce lokacin da yake ci. Mita kuwa ta auna shi yana sanyi a tafin hannunka.

Zaren da ke cikin ƙwan na ƙarfen tangistin ne, an zaɓe shi saboda sai zafi ya haura digiri 3,400 yake narkewa. In ƙwan na ci, zaren kan kai wajen digiri 2,500. Ƙarafa kuwa tirjiyarsu na hawa tare da zafi, domin ƙwayoyin zarran da ke cikinsu na ƙara karkarwa suna tare wa caji hanya. Tsakanin sanyin ɗaki da wancan zafin, tirjiyar tangistin kan ninka sau 10 zuwa 15. Raba 882 da 65 ka gani: 13 da ɗoriya.

Akwai abin da wannan ke bayyanawa wanda kowa ya taɓa gani. A daidai lokacin da aka danna makunni, zaren na sanyi, don haka 230 ÷ 65, wato kusan amfiya 3.5, ke afka masa, alhali abincinsa na yau da kullum 0.26 ne. Ƙiftawar ido ce kawai kafin ya yi zafi tirjiyar ta hau ta tsuke hanyar, amma in zaren ya tsufa ya sirance a wani wuri, a wannan ƙiftawar yake tsinkewa. Shi ya sa irin waɗannan ƙwayaye suka fi mutuwa lokacin kunnawa.

Ke nan a rabon V da I kullum za ka sami tirjiyar wannan lokacin, amma ba kowane abu ne ke riƙe tirjiya ɗaya ba. Wayar hita da ta dutsen guga an yi ta da gaurayen nikel da kuromiyam, wanda da ƙyar tirjiyarsa ke motsawa da zafi. In ka auna dutsen Hajiyar da ke sama yana sanyi za ka ga lamba kusa da 50. Ƙaramar fitilar LED kuma ta fi tangistin taurin kai. Ja daga cikinsu kan riƙe kusan bolt 2, kuma ɗan ƙari kaɗan a kan haka sai amfiya ta yi tsalle ta ƙone ta. Don haka ake haɗa ta da rizisto, ɗan abin da aka ƙera don tirjiya kawai. A ce za ka kunna ta da batir mai bolt 12, kana son miliamfiya 20 su bi ta. Fitila ta ɗauki 2, saura 10 a wuyan rizisto: 10 ÷ 0.02 = om 500. Na kusa da haka da ake ƙerawa shi ne 510 ko 560. Kada ka tsaya nan, yara da yawa nan suke tsayawa. Zafin da riziston zai sha shi ne 10 × 0.02 = wat 0.2. Mai kwata na wat zai ɗauka amma a takure. Ni mai rabin wat zan sa.

Tunda kana riƙe mita, ka kiyaye abu uku. Ba a auna om sai an kashe wuta an kuma cire abin daga haɗinsa. Bolt ana auna ta ne da ɗora tsinkayen mita a bakin abin nan biyu. Amfiya kuwa sai an yanke hanya an sa mitar a tsakani wuta ta bi ta cikinta. Mita da ke kan awon amfiya tirjiyarta kusan sifili ce, in ka cusa ta a soket a haka ka haɗa wuta kai tsaye ke nan. In ka yi sa'a fiyus ɗinta ne zai tafi.

Tambaya: Yallaɓai, na haɗa inbata da batir mai bolt 12. Kayan da nake ɗora mata ba su wuce wat 600 ba. Na yi amfani da ragowar waya mai kauri 2.5 da aka yi wayarin ɗaki da ita, nisan mita 2. Wayar tana zafi har robarta na laushi, inbatar kuma na kuka wai batir ya yi ƙasa alhali a cike yake.

Amsa: Ɗan'uwa, ka kashe ta yau, kada ka jira ka gama karanta mujallar. Wat 600 a ɓangaren bolt 230 amfiya 2.6 ce kawai, abin da wayar 2.5 ke ɗauka tana barci. Amma a ɓangaren batir, 600 ÷ 12 amfiya 50 ne, har da ɗori, tunda inbatar ma na cin nata.

Wayar jan ƙarfe mai murabba'in milimita 2.5 tana da tirjiyar kusan om 7.4 a kowace kilomita. Taka mita 2 zuwa, mita 2 dawowa, mita 4 ke nan, kusan om 0.03. Lamba ce da mutum zai raina. To sa ta a P = I × I × R. A amfiya 2.6, zafin da ke tashi a wayar wat 0.2 ne. A amfiya 50 kuwa, 50 × 50 × 0.03 = wat 75. Ka mayar da wayarka ƙaramar hita. Sannan bolt ɗin da ke zubewa a hanya shi ne 50 × 0.03 = 1.5, don haka batir na ba da 12 amma 10.5 ke isa ga inbata. Kukan da take yi gaskiya take faɗa, iyakar abin da ya iso mata ta gani.

Sa waya mai kauri 16, wadda tirjiyarta ba ta wuce om 1.15 a kilomita ba: asarar za ta sauka zuwa wajen wat 12, zubewar bolt kuma ƙasa da kwata. Ka matso da batir kusa, ka sa fiyus dab da kansa, ka ɗaure kawunan tam. Kan da ya yi sako-sako ko ya yi tsatsa, ko om 0.01 ya ƙara, wat 25 ne ke taruwa a wuri ɗaya da bai fi kan yatsa ba, kuma daga irin nan gobara ke tashi. In nan gaba za ka ƙara kaya, koma tsarin bolt 24: amfiya ta rabu biyu, asara ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

James Joule na Ingila ne ya nuna tun wajen 1840 cewa zafin waya na bin amfiya sau kanta. Saboda wannan ne kamfanonin wuta a duk duniya ke ɗaga bolt zuwa 132,000 ko 400,000 kafin su tura ta nesa a kan manyan turaku, sannan taransifoma ta sauke ta a kusa da gidaje.

Tambaya: Malam, fankata an rubuta mata wat 75, amma na auna na ga tana jan amfiya 0.5 a bolt 230. In na ninka 115 nake samu. Ina sauran 40 suka fito?

Amsa: Ƙanena, wutar gida kai-da-komo take yi, sau 50 a daƙiƙa a yawancin ƙasashe, 60 a wasu. A kayan ɗumama, bolt da amfiya tare suke hawa tare suke sauka, don haka ninka su na ba da wat daidai. A mota mai naɗin waya, amfiya na biyo bolt a baya, wani kaso nata yana zuwa ne ya koma ba tare da ya yi aiki ba. Abin da ka samu, 115, ana kiransa VA, wato bolt sau amfiya. Ainihin wat shi ne VA sau wani adadi da bai wuce 1 ba. In fankar na cin 75 ɗin da aka rubuta, nata 75 ÷ 115 ne, kusan 0.65. Mitar gida wat take ƙirgawa, a ninka da awoyi a raba da 1,000: fankarka a awa 10 yunit 0.75 za ta ci. Waya, fiyus, janareta da inbata kuwa amfiyar gaba ɗaya suke ɗauka, don haka wajen zaɓensu da VA za ka yi lissafi.

Tambaya: Baba Malam, mun yi gardama da abokina. Ya ce amfiya ke kisa, bolt ba ta kisa. In haka ne, me ya sa nake taɓa kan batir ɗin mota, wanda aka ce yana ba da ɗaruruwan amfiya, ban ji komai ba?

Amsa: Ɗana, abokinka ya riƙe rabin magana. Amfiyar da ta ratsa jiki ita ke yin ɓarna, amma ba ta shiga don kanta, sai bolt ta tura ta, tirjiyar jikinka kuma ta yanke nawa za ta wuce. Ɗaruruwan amfiyar batir abin da zai iya bayarwa ne in ya sami buɗaɗɗiyar hanya. Busasshiyar fata na iya kai om 100,000. Raba 12 da wannan, miliamfiya 0.12 ke nan, ƙasa da miliamfiya 1 da mutum ke fara ji. Jiƙaƙƙen jiki kuwa na iya sauka zuwa om 1,000, kuma 230 ÷ 1,000 miliamfiya 230 ne. Na'urar kariya da ake sa wa gidaje don ceton rai a miliamfiya 30 take katse wuta. Kwatanta lambobin biyu ka ga me ya sa ake hana taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu.

Amma kada wannan ya sa ka raina batir. Sifana da ta faɗa tsakanin kawunansa biyu tirjiyarta ba ta kai ko om 0.02 ba, 12 ÷ 0.02 kuwa amfiya 600 ne, dubban wat a cikin guntun ƙarfe. Zobe ko agogon ƙarfe da ya shiga irin wannan hanya yakan yi ja ya ƙone yatsa kafin a iya cire shi. In za ka yi aiki a kan batir ɗin mota, cire zobe da agogo, ka fara kwance kan da ke da alamar ragi, wanda ke haɗe da jikin motar, shi ne kuma za ka mayar a ƙarshe.